Tafinta Tsakanin Inna da Kaka

Sana'ata wankin hula. Na gaje ta daga mahaifina, wanda ya baro Kano yana saurayi ya zo Yarwa, babban birnin Barno, cin rani, ya ga Barebari ba sa wasa da hula, ya kafa rumfa a unguwar Hausari ya zauna. A nan aka haife ni. Na yi elementare har aji huɗu, na iya karatu da rubutun boko, da ɗan Turancin da ba zai bari a zage ni ban sani ba. Ina shirin wucewa gaba mahaifina ya rasu, na dawo rumfa na kama sabulu da sitaci.

Ni mutum ne mai zullumi tun ina yaro. Idan na kulle rumfa na kama hanyar gida, sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu. Idan na idar da salla sai in zauna ina tambayar kaina raka'a nawa na yi. Babban tsorona a sana'a shi ne in ba mutum hular wani, domin a garin nan mutum zai yafe maka ka taka masa ƙafa, amma ba zai yafe ya ga hularsa a kan maƙwabcinsa ranar Juma'a ba. Wannan tsoron ne ya koya mini harsuna. Babarbare zai tsaya a kaina ya kwatanta hularsa da Barbarci, ba zai sauko zuwa Hausa ba ko ya iya, tunda a wurinsa mu Afuno ne, wato Hausawa baƙi, mu ya kamata mu koyi nasu. Larabawan Shuwa suna shigowa ranar kasuwar Litinin da nasu Larabcin. Malaman makaranta 'yan ƙabilar Babur suna yi mini Hausa mai tsabta kamar daga littafi, 'yan kudu masu kantuna kuwa su gauraya ta da Turanci. Ga motocin 'yan siyasa suna wucewa da lasifika, kowace tana zagin 'yar'uwarta da harshe biyu. Ni dai ina durƙushe a gaban baho ina kasa kunne, kada in kuskure launin zare ko girman kai. Kafin in kai shekara ashirin, duk wanda ya tsaya a rumfata ina iya sallamarsa da harshen gidansu.

Matata Babarbariya ce, 'yar unguwar Abbaganaram. Mahaifinta mai ɗinkin hula ne, shi ya ba ni ita saboda ya ce bai taɓa ganin na ɓata masa aiki ba, kuma bai daɗe ba bayan bikin ya rasu. Mahaifiyarta ba ta hana ba, amma ba ta yi guɗa ba. Doguwar mace ce, haƙoranta jawur da goro da fure, idan ta yafa lafaya ta shigo gida ƙamshin turaren wuta yakan kwana bayan ta tafi. Har zuwa lokacin da nake ba da labarinsa, ban taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakinta ba. Ni take kira Afuno, mahaifiyata kuma uwar Afuno. Bayan an yi mana haihuwa kowa ya koma kiranta Kaka, ni ma haka zan kira ta a nan.

Mahaifiyata, Inna, a gidana take zaune. Bakanuwa ce ta cikin ganuwa, ta fi shekara ashirin da biyar a Yarwa amma kullum maganarta, "Mu a Kano ba haka muke yi ba." Takan ce Barbarci kamar ana mirgina duwatsu a cikin tulu yake, kunnenta ba ya ɗauka. Idan su biyun suka haɗu, matata ce take isar da magana tsakaninsu, a gaisa da ladabi a rabu da ladabi.

An haifa mana 'ya mace a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa garinmu. 'Yar fari ce, kuma Inna ba ta sassauta kunyar ɗan fari. Ba ma faɗin sunanta, ni da uwarta. Ba na ɗaukarta a gaban manya, ba na yi mata wasa, idan ta yi kuka ina zaure sai in ci gaba da abin da nake yi kamar 'yar maƙwabta ce. Ban ga laifin Inna ba, don ni ma ɗan farinta ne, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" take ce mini, idan tana ba wani labarina ta ce "wancan".

Yarinyar tana da wata bakwai, cikin tsananin bazara, gudawa da amai suka kama ta. Kwana na farko aka ce haƙori ne. Kwana na biyu aka aika Abbaganaram, Kaka ta zo da kaskon turarenta da kwalbar rubutu ta tare a ɗakin matata. Ni ba ni da izinin tambaya. Ɗakina bango ɗaya ya raba shi da nasu, sai na daina zuwa rumfa da wuri, ina fakewa da cewa sitacin bai yi kauri ba, ina zaune ina jin duk abin da ake ciki. Kowane amai na ƙirga shi. Na ji yadda kukanta ya tashi daga tsawa ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Da hantsin kwana na uku Inna ta leƙo ta ce, "Kai, zo nan."

Matata ta daina magana tun asuba. Tana zaune jingine da bango, yarinyar a cinyarta, an yi mata tambaya da Hausa an yi da Barbarci ba ta amsa ba. Shi ya sa aka neme ni. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, bayan asabari, kaina a ƙasa, kamar yadda suruki yake yi. Ta tsakanin karan asabarin ina hango ƙafar yarinyar.

Inna ta ce, "Gaya mata mataccen jini ne a cikin yarinyar nan. Wanzami zai yi mata tsaga uku a ciki ya fitar da shi. Haka aka yi wa wancan yana jariri, ga shi nan da ransa."

Na juya maganar zuwa Barbarci, kalma da kalma.

Kaka ta ce, "Gaya wa uwarka aska ba za ta taɓa jikata ba. Bakin mutane ne. Ranar suna an yi ta yabon gashinta ba wanda ya ce tubarkalla. Hayaƙi da rubutu za su kore shi, in an bar su sun yi aikinsu."

Na mayar wa Inna. Ta yi tsaki ta ce, "Kwana biyu ana turara yarinya sai ka ce bandar kifi."

Wannan ban fassara ba. Amma na ji Kaka ta ajiye murfin kaskon da ƙarfi. Na ɗauka sautin muryar Inna ne ya gaya mata an yi baƙar magana.

Ana cikin haka mai nononmu ta yi sallama, wata Balarabiyar Shuwa da take kawo mana kindirmo kullum. Ta sauke ƙwaryarta ta leƙa ɗakin ba tare da an gayyace ta ba, ta ɗaga hannu sama ta fara zuba Larabci. Ta ce a rugarsu idan yaro ya yi haka, ƙarfe ake sawa a wuta a ɗan taɓa masa a ƙeya, su da 'yan maruƙansu duk maganin ɗaya ne. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Barbarci. Inna ta ce, "A'uzubillahi." Kaka ta ce, "A'uzubillahi." A kwana ukun nan wannan ne kaɗai abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai. Balarabiyar ba ta ji haushi ba, ta zuba wa matata nono a ƙoƙo ta ce mai shayarwa ba ta zama da yunwa, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Sai maƙwabciyarmu ta shigo. Babur ce, Kirista, mijinta malamin makaranta ne, ita kuma tana aikin shara da gyaran gado a asibiti. Ta gaida tsofaffin ta durƙusa, ta taɓa maɗigar yarinyar da ta lotsa, ta ɗan ja fatar cikinta da yatsa biyu ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta ce da Hausa, "Iyayena, ruwan jikinta ne ya ƙare. Ku kai ta asibiti yau. Ina ganin irinsu kullum, waɗanda aka kawo da wuri suna komawa gida."

Inna ta ce, "Mun gode, 'yar nan. A gaida malam." Duk wanda ya san Inna ya san an rufe ƙofa ke nan.

Da na fassara wa Kaka, ta ce ɗan ƙanwarta da ƙafarsa ya shiga asibitin nan, a makara aka fito da shi. Ta ce ta rantse tun daga ranar cewa jininta ba zai sake kwanciya a gadon Nasara ba.

Maƙwabciyar ta miƙe. Da ta zo wucewa ta gefena ta rage murya ta ce, "Malam, kai fa ka yi makaranta. Yarinyar nan ba za ta kai gobe a haka ba."

Na san gaskiya ta faɗa. A aji uku an koya mana abin da gudawa take yi wa jiki, har malamin ya zana mana tulu mai huda a allo. Amma wa zan gaya wa? Uba ba ya buɗe baki a kan 'yar fari a gaban uwarsa, balle a gaban surukarsa. Da na ce a kai ta asibiti, da Inna ta ce boko ya cire mini kunya, Kaka ta ce Afuno ya nuna halinsa, kuma da kowace ta ƙara kafewa a kan nata. Harshe huɗu ne a bakina a ranar, amma ba ni da izinin faɗin ra'ayina da ko ɗaya. Na kowa nake ɗauka in kai wa kowa.

Rana ta take tsaka. Inna ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Gaya mata na riga na aika wa wanzami. Yana idar da azahar zai zo. In ba za ta iya gani ba ta fito tsakar gida ta zauna."

Na buɗe baki zan fassara, sai na ji yarinyar ta yi yunƙurin kuka, sautin bai fito ba. Ban shirya abin da na yi ba, Allah ne shaidata. Na ji kaina ina cewa da Barbarci, "Kaka, Inna ta ce ke ce babba. Ta ce saboda girmanki ta fasa kiran wanzami. Tana roƙon arziki ki yarda a gwada asibiti yau kaɗai, ki riƙo rubutunki a tafi da shi."

Matata tana jin harsunan biyu, ta ji abin da Inna ta ce, ta ji abin da na ce. Ta ɗago kai ta dubi asabarin, daidai inda nake, sannan ta sunkuyar.

Aka fara kiran salla daga masallacin unguwa. Kaka ta ce da ƙarfi, "Gaya wa uwarka jikata ba akuyar Kano ba ce, da za a ja ta duk inda aka ga dama."

Na riga na shiga, ba hanyar komawa. Na ce, "Inna, Kaka ta ce ta ji maganarki, ta kashe hayaƙin. Ta ce ke ce uwar gida, tana roƙon arziki a ɗaga wa wanzami zuwa gobe, a gwada asibiti yau. In bai yi ba, gobe a yi yadda kika ce."

Inna ta ɗaga asabarin ta dube ni. Ban yarda mun haɗa ido ba.

Ta ce, "Haka ta ce?"

"Haka ta ce, Inna."

"Duk wannan doguwar maganar a cikin ɗan abin da ta faɗa?"

Na ce, "Barbarci a dunƙule yake, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta saki asabarin ta ce, "To, tunda ta roƙa. Ba a roƙona in hana."

Na juya na ce wa Kaka Inna tana godiya. Sai na ji motsin lafaya, ta miƙe tana naɗawa. Matata kuwa tuni ta naɗe yarinyar a zani, ta fi kowa sauri, kamar mai tsoron kada wani ya sake buɗe baki.

Kafin mu gama shiri an idar da azahar, a zaure muka ci karo da wanzami da zabirarsa. Inna ta ce masa sai gobe in Allah ya kai mu. Kaka ce ta rungume yarinyar a ƙirji ta lulluɓe ta da gefen lafaya, Inna tana gefenta da buta, matata a bayansu. Ni ina can baya ina tura kekena, tazarar da za a ce hanyarmu ce kawai ta zo ɗaya. Muka bi inuwar dogon yaro, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake tunani: idan yarinyar nan ta mutu a asibiti, ƙaryata ce ta kai ta, kuma tsofaffin nan biyu za su zargi juna har kabari a kan maganar da ba wadda ta faɗa.

Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar kudu ce, sabuwar zuwa, ba ta jin Barbarci, Hausarta kuma ba ta wuce gaisuwa ba. Ta dubi mata ukun ta yi tambaya da Turanci, ba wadda ta amsa. Ta ɗaga murya ta ce ina uban yarinyar. Na jingine keken na matso, na ce da Turanci ni ne, 'yata ce. Na faɗi sunanta don a rubuta a kati. Wata bakwai da haihuwarta, ranar ce farkon da na kira ta 'yata da bakina, a gaban Inna, a gaban Kaka. Na ga ashe kunyar ba ta biyo ni cikin Turanci ba.

Nas ta tambayi kwana nawa, na faɗa. Ta tambayi sau nawa ta yi amai jiya, sau nawa yau, yaushe rabonta da kama nono, yaushe rabonta da fitsari. Duk na amsa ba tare da na waiwayi kowa ba, don duk na ƙirga ta bayan bango. Ta ɗago daga katin ta dube ni, ta ce da duk iyaye haka suke da aikinta ya yi sauƙi. Tunda aka haife ni ake yi mini faɗa a kan yawan ƙirge-ƙirge da zullumi, ranar ce kaɗai ya yi wa wani amfani.

Aka rataye kwalbar ruwa, aka sa mata allura a jijiya. Kaka ta kau da kai lokacin da allurar ta shiga, sannan ta tsoma yatsa a rubutunta ta shafa wa yarinyar a goshi. Nas ta gani, ta juya tana gyara wani abu a kan tebur. Inna ta zauna a ƙasa a ƙarshen gadon tana jan carbi. Kafin la'asar sakaliya maɗigar ta fara tasowa. Washegari da safe na zo da koko, tun daga baranda na ji kuka mai ƙarfi, irin na mai jin haushi, na tsaya jikin ginshiƙi na yi hamdala.

Kwana biyar suka yi aka sallame su. Kowa ya ɗauki rabonsa na nasarar. Inna ta gaya wa matan unguwa cewa haƙurin da ta yi da roƙon surukarta ne Allah ya duba. Kaka ta gaya wa mutanen Abbaganaram rubutu ne ya yi aiki, ruwan Nasara ya dai taimaka masa ya zaga jiki. Balarabiyar ta ce nonon da ta ba uwar ne. Maƙwabciyarmu kaɗai ce ba ta nemi nata rabon ba. Har aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka bar garin, ban bari hularsa ta kwana da datti ba, kuma har yau ina sa ta a addu'a.

Ni kuwa sai na shiga wata damuwar. Na sa wa mahaifiyata magana a baki, na sa wa surukata, na ce sun roƙi juna alhali ba wadda ta roƙa. Matata ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na tambayi wani malami Bahaushe a kaikaice, kamar labarin wani ne, ya ce maganar da aka yi don sulhu ba ta cikin ƙaryar da ake kama mutum da ita. Na ji sanyi kwana biyu, sai na fara tunanin ko sulhu na nema ko son raina na bi. Na tambayi malami Babarbare, ya ce haƙƙin mutane ne, sai an nemi gafarar masu shi. Na tambayi wani Balaraben Shuwa da yake kawo mini hula, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce, "Yarinyar tana da rai? To me kake nema kuma?" Amsa uku na samu, na zaɓi wadda ta fi nauyi na ɗora wa kaina, kamar yadda na saba. Amma na kasa samun ranar faɗa.

Yarinyar tana shekara huɗu, jirgin ƙasa ya riga ya fara zuwa, Inna ta ce za ta je Kano ta ga danginta kafin ta mutu. Tsoron jirgin take ji, don haka ta bi gida gida tana neman gafara kamar mai tafiya Makka. Da safiyar tafiyar Kaka ta zo sallama, ta kawo mata turaren wuta da bandar kifi ta kai wa mutanen Kano su san abin da ake ci a Barno. Suna zaune a tabarma ɗaya a tsakar gida, yarinyar tana tsakaninsu tana wasa da murfin kwano. Na ce a raina in Inna ta hau jirgin nan wani abu ya same ta, da wannan kayan zan tashi ranar lahira.

Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan. Na fara da Inna, da Hausa. Na faɗi komai: abin da ta ce, abin da na mayar da shi, maganar akuyar Kano da na binne, roƙon da na ƙirƙira. Da na gama na juya wajen Kaka na fara maimaitawa da Barbarci.

Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ya isa, ɗana. Na ji."

Da Hausa ta faɗa. Hausa sosai, da ɗan nauyin harshen Barebari a kanta.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "A Hausari na yi tallan gyaɗa ina yarinya, tun ba a haifi uwarka ba. Na ji ta ce wanzami yana zuwa bayan azahar. Na ji maganar bandar kifi ma." Ta nuna ƙunshin da ta kawo da haɓa. "Ga shi na kawo mata ta ga bambancin."

Inna ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Ni kuma shekara nawa ina sayen kifi da kuka a hannun Barebari? An gaya maka ban san sunan akuya ba? Ban san sunan Kano ba?"

Na ce, "To, Inna, me ya sa..."

Ta ce, "Me ya sa me? Tun da 'yar Babur ɗin nan ta ja fatar cikin yarinyar na san aska ba za ta yi ba. Amma na riga na aika wa wanzami a gaban surukata. In janye a ce Bakanuwa ta ji tsoro? In ce asibiti, wani abu ya faru, a ce uwar Afuno ta kai musu jika an kashe?"

Kaka ta ce, "Ni kuma na rantse a gaban dangina. Da bakina ba zan ce asibiti ba. Amma in an roƙe ni, wannan daban."

Na ce, "To maganar akuyar fa, Kaka?"

"Sai in miƙe haka kawai ban ce komai ba? Na san ba za ka kai ta ba."

Na ce duk da haka su yafe mini. Kaka ta ce ta yafe duniya da lahira. Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta kau da kai tana ɗaure bakin ƙunshin kifin, ta ce, kamar da ƙunshin take magana, "Wancan yana da wata tara ya yi ƙyanda. Kakarsa ce take jinyarsa. Kwana shida ina bayan ƙofa ina jin numfashinsa, ba wanda ya aike ni da maganar kowa balle in sa tawa a ciki." Ta ja ƙullin ta ƙara ja. "Tashi ka nemo mai ɗaukar kaya, kada jirgin ya tafi ya bar ni."

Inna ta je Kano ta dawo lafiya, ta ce garin ya lalace, ba kamar Yarwa ba. Kaka kuwa daga ranar ba ta sake yi mini Hausa ba. Washegari ma da na gaishe ta da Hausa don gwaji, kallona ta yi kamar ban yi magana ba, sai da na koma Barbarci. Na ci gaba da yi musu tafinta har ƙarshen rayuwarsu, a durƙushe, kaina a ƙasa, su biyun suna jiran in gama faɗin abin da kowace ta riga ta ji. Idan na rage wa magana kaifi fiye da kima, Kaka takan yi gyaran murya, Inna ta ce, "Kai, faɗi yadda ta faɗa."

Yarinyar ta girma da Hausa da Barbarci a baki ɗaya, yanzu ita ma tana da jikoki. Har yau idan na tuna ranar nan nakan yi istigfari, don ban tabbata yadda aka rubuta mini ita ba. Daga nan sai in yi wa tsofaffin nan biyu addu'a, Inna da Hausa, Kaka da Barbarci, don na san ba za ta so in yi mata da Hausa ba.